Likitar Da Ta Saurari Iyaye Mata: Tarihin Sisili Wiliyams

Wannan mako zan kawo muku tarihin wata likita wadda ta rasu tun shekarar 1992, amma har yanzu duk asibitin yara da kuka shiga sai kun tarar da wani abu daga cikin aikinta. Sunanta Cicely Williams, mu kuwa a bakinmu sai mu ce Sisili Wiliyams. Ita ce ta yi wa likitocin duniya cikakken bayanin cutar nan ta yara mai kumbura ƙafa da canza launin gashi, ita ce kuma ta shigar da sunan cutar cikin littattafan likitanci, watau kwashiyoko.

Kafin in shiga labarin, bari in yi muku bayanin wani abu. Aikin likita kashi biyu ne. Akwai likitan da ke zaune a asibiti yana duba marasa lafiya, yana ba su maganin da aka riga aka sani. Akwai kuma likitan bincike, wanda aikinsa shi ne neman sanin abin da ba a riga an sani ba: mene ne ke kawo cuta kaza, me ya sa take kama wasu ta bar wasu, mene ne maganinta. Kowane ɗaya daga cikin biyun nan yana iya cinye ran mutum duka. Koyon likitanci kaɗai yakan ci shekara shida ko fiye, bayansa ga wasu shekaru na neman ƙwarewa, ga kwana a asibiti, ga jarrabawa. Bincike kuwa yana son natsuwa da lokaci da rubutu. Don haka ne da yawa sukan ce taura biyu ba ta taunuwa, su ɗauki ɗaya su bar ɗaya. Sisili ta haɗa biyun. Yadda ta yi ta haɗa su, da abin da ya ci mata, shi ne nake so ku lura da shi.

HAIHUWA DA KARATU

An haifi Sisili ran 2 ga Disamba 1893 a tsibirin Jamaika, a wani gidan gona da ake kira Kew Park. Iyayenta Turawa ne waɗanda kakanninsu suka daɗe da zama a tsibirin. Mahaifinta babban ma'aikacin ilmi ne, har ya riƙe muƙamin Daraktan Ilmi na Jamaika. Tana da shekara 13 aka tura ta Ingila makarantar 'yan mata a garin Bath. Ta yi ƙoƙari har ta sami gurbi a Jami'ar Oksfod, amma ba ta shiga nan da nan ba, domin guguwa mai ƙarfi da girgizar ƙasa sun yi ɓarna a Jamaika, tilas ta koma gida ta taimaki iyayenta. Shekaru suka yi ta wucewa. Sai bayan rasuwar mahaifinta a 1916 ta koma Ingila ta ɗauki karatun likita.

A wannan lokaci ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Samari sun tafi fagen fama, ƙasa tana ƙarancin likitoci, wannan ne ya sa aka ɗan buɗe wa mata ƙofar da a da take rufe. Ku sani, Jami'ar Oksfod ba ta fara ba mata digiri ba sai a 1920, Sisili kuwa tana cikin na farkon da suka karɓa. Daga nan ta wuce Asibitin Kwalejin Sarki da ke Landan don koyon aiki a kan marasa lafiya, ta gama ta zama likita a 1923, tana dab da cika shekara 30.

Ke 'yar makaranta da kike ganin an bar ki a baya domin kin yi shekara ɗaya ko biyu a gida, ki dubi wannan lissafi. Sa'anninta sun riga ta gamawa da shekaru, amma sannu ba ta hana zuwa.

Samun takardar shaida bai kawo ƙarshen wahala ba. Yaƙi ya ƙare, maza likitoci sun dawo, asibitoci kuwa su suke fara ɗauka. Da ƙyar ta sami aiki a wani asibitin yara a unguwar Hackney, cikin unguwannin talakawan Landan, inda ta yi shekara biyu. Wannan wuri ya yi mata rana, domin a nan ta yi aiki tare da wata likita mai suna Helen Mackay, wadda ta shahara wajen binciken cututtukan da rashin abinci mai kyau ke jawo wa jarirai, musamman ƙarancin jini. Ita Mackay ba ta bar duba yara don ta yi bincike ba. Yaran da take dubawa su take aunawa, ta rubuta abin da suke ci, ta kwatanta wannan da wancan, har ta fitar da sakamako. Sisili ta ga da idonta cewa ana iya yin bincike a bakin gadon mara lafiya, kuma a nan ta yanke shawarar cewa lafiyar yara ce za ta zama sana'arta.

Bayan haka ta je ƙasar Girka ta yi aiki cikin 'yan gudun hijira a wajen birnin Salonika. Da ta dawo sai ta sake komawa aji, ta shiga makarantar koyon cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan, ta sami difloma a 1929. A shekarar ne gwamnatin Ingila ta ɗauke ta aiki ta tura ta Gwalkwas, ƙasar da ta zama Ghana a 1957. Lokacin tana da shekara 35.

A GWALKWAS

An ɗauke ta ne da sunan likita mace, muƙamin da albashinsa bai kai na likita namiji ba, ko da yake karatunsu ɗaya. Ba wanda ya ɗauke ta don ta yi bincike. Aikinta shi ne duba mata da yara, kuma ta yi shi a Koforiduwa da Kumasi da Ankara, babban birnin ƙasar, inda akwai asibitin yara mai sunan Gimbiya Marie Louise. Kullum safiya mata ne cike da farfajiya, kowacce da goyonta, likita kuwa ɗaya.

Abu na farko da ta gyara shi ne rubutu. Ta sa aka riƙa yi wa kowane yaro kati, a rubuta nauyinsa da abin da ke damunsa da abin da aka ba shi, domin in ya dawo a san ko gaba ya yi ko baya. Abu na biyu, ta bar iyaye mata su kwana da 'ya'yansu a asibiti, a zamanin da asibitocin Turai ke raba yaro da uwarsa. Ta ga cewa uwa ce ta fi kowa sanin ɗanta, kuma abin da uwa ta koya a asibiti shi za ta koma gida da shi. Abu na uku, ta riƙa tambaya. Takan tambayi uwa yaushe aka yaye yaro, me yake ci, sau nawa, wa ke ba shi, ina ƙanensa. Takan tambayi masu jinya 'yan ƙasa, har masu maganin gargajiya ba ta raina abin da suka sani ba.

Cikin wannan aiki ne ta lura da wasu yara da ake kawo mata, yawancinsu tsakanin shekara ɗaya zuwa huɗu. Ƙafafunsu da hannuwansu a kumbure, amma naman jikinsu ya zube. Suna gudawa, ba su da walwala, ko an yi musu wasa sai kuka. Bakinsu ya yi gyambo, fatarsu ta yi baƙi-baƙi a wasu wurare tana saɓulewa kamar tsohon fenti, gashinsu ya yi ja ya yi laushi. In an kawo su a makare, mutuwa suke yi. Ta duba littattafan da ta karanta a Ingila, ba ta ga cutar da ta yi daidai da wannan ba.

To, a nan ne hanya ta rabu biyu. Likitan da aiki ya yi masa yawa yana iya rubuta kowane suna da ya fi kusa, ya ba da magani, ya kira na gaba. Ba wanda zai zarge shi. Sisili kuwa ta ƙi rubuta sunan da ta san bai dace ba. Ta shiga tara labarin yaran ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga bakin zaren ɗaya ne. Kusan dukansu sun rasa nonon uwa yadda ya kamata, ko don uwar ta rasu, ko don ta sami wani ciki an cire yaro daga nono. Abin da ake ba su kuwa shi ne kokon masara da mutanen wurin ke kira akasa, da tuwon masara mai tsami da ake kira kenke ko dokunu. Ciki yana cika, amma jiki ba ya samun abin gina kansa.

Ba ta da babban ɗakin gwaje-gwaje irin na jami'a. Abin da take da shi idonta ne, da sikeli, da katunan nan, da alƙalami. Domin ta san abin da cutar ke yi a cikin jiki, takan yi binciken gawar yaran da suka rasu, aikin da ke da haɗari ƙwarai a zamanin da ba a fara samun magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin ba. Ita kanta ta taɓa kamuwa da ciwo mai tsanani ta wannan hanya. Abin da ta riƙa gani shi ne hantar yaran ta cika da kitse, ta yi fari-fari. Wajen magani kuma ta gwada abinci iri-iri, ta ga cewa in an kawo yaro da wuri aka ba shi madara da man hantar kifi, yakan farfaɗo.

A 1933 ta buga bayanin yara 20 a wata mujallar likitocin yara ta Ingila. Ta kira abin cutar rashin abinci mai kyau da ke da alaƙa da cin masara, ta kuma nuna cewa mai yiwuwa ne ƙarancin abinci mai gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin, yana da hannu a ciki.

JAYAYYA DA MANYA

Kuna tsammani an tafa mata? Ko kaɗan. Wani babban likita a Landan mai suna Hugh Stannus, wanda ya taɓa aiki a ƙasar da yanzu ake kira Malawi, kuma ake jin maganarsa kan cututtukan Afirka, ya rubuta cewa ba wata sabuwar cuta da ta gano. A ganinsa tsohuwar cutar nan ce da ake kira felagira, wadda ita ma masu yawan cin masara take kamawa. Ga shi namiji, ga shekaru, ga suna. Ita kuwa ƙaramar ma'aikaciya ce a wata ƙasa mai nisa.

Sisili ba ta yi zafin baki ba, ba ta kuma janye ba. Ta koma kan yaranta ta ƙara tara shaida. A 1935 ta sake bugawa a mujallar Lancet, wadda take cikin manyan mujallun likitoci na duniya, wannan karon da bayanin yara kimanin 60. Ta jera bambancin cututtukan biyu dalla-dalla. Felagira ta fi kama manya, wannan kuwa ƙananan yara take kamawa. Ƙurajen felagira a inda rana ke duka suke fitowa, na wannan cuta kuwa a inda fata ke gugar juna ko gugar shimfiɗa, kamar matsematsi da ɗuwawu da gwiwa. A wannan rubutu ne ta sa sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, mazauna Ankara, watau kwashiyoko. Ma'anarsa ita ce ciwon da babban yaro ke kamuwa da shi in an haifi ƙanensa.

Uwargida, ki tsaya a nan ki yi tunani. Matan Ga ba su je Oksfod ba, amma sun riga likitoci ganin tushen abin, har sun sa shi cikin sunan cutar. Mu ma nan ai muna da kalmominmu, gwanne da kwanika, kuma kakanninmu sun daɗe suna jin tsoron abin da kan sami yaron da aka yi wa ƙane yana kan nono. Abin da Sisili ta yi shi ne ta saurari wannan sani na mata, ta auna shi da ilmin asibiti, ta rubuta shi yadda likitan kowace ƙasa zai gane.

Gaskiya ta yi halinta daga baya. A 1937 aka gano sinadarin bitamin da ke warkar da felagira. Likitoci a gabashin Afirka suka gwada shi a kan yara masu kwashiyoko, bai warkar da su ba. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan cutar a Afirka, da sunan nan da Sisili ta sa. Mu a Nijeriya kuwa sunan ya shiga bakin kowa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da yunwa ta kama yara masu ɗimbin yawa. Binciken da aka yi bayanta ya ƙara nuna cewa ba ƙarancin furotin kaɗai ke aiki ba, cututtuka irin su ƙyanda da gudawa suna tura yaron da abincinsa ya raunana cikin wannan hali. Amma kamannin cutar da ta bayyana, da irin yaran da ta ce tana kamawa, suna nan yadda ta rubuta su.

Wani abin lura shi ne, duk cikin waɗannan shekaru ba ta daina karatun kanta ba. A 1935 ta ci jarrabawar shiga ƙungiyar manyan likitocin Ingila, a 1936 kuma Jami'ar Oksfod ta ba ta babban digirin likitanci saboda littafin da ta rubuta kan lafiyar yara a Gwalkwas. Da me ta rubuta littafin? Da abin da ta gani a asibiti, da katunan nan da ta sa aka riƙa cikawa. Watau aikinta na yau da kullum shi ne ya zama bincikenta, bincikenta kuma shi ne ya zama karatunta. Ta haka ta tauna taura biyu: ba ta raba su gida biyu ba.

Amma fa abin bai zo mata a banza ba. Mace ce mai faɗin abin da ta gani ko da gaban wa, ta kuma sha samun saɓani da shugabanninta kan yadda ya kamata a kula da yara. A 1936, bayan shekara bakwai, aka ɗauke ta daga Gwalkwas aka tura ta Malaya, can gabashin duniya. Ta bar yaran da ta sani da cutar da ta fi kowa sani, a daidai lokacin da ake tsakiyar jayayya a kanta.

MADARAR GWANGWANI

A Singafo ta riƙa koyarwa a kwalejin likitoci tana kuma duba yara. Nan ta tarar da wata matsala dabam. Jarirai ne ke mutuwa tun suna 'yan watanni. Da ta bi diddigi yadda ta saba, sai ta ga iyaye mata da yawa sun bar shayarwa sun koma ba jarirai madarar gwangwani mai kauri mai sukari. Kamfanonin madara sukan sa wa 'yan mata tufafi irin na masu jinya, su bi gida-gida suna tallar cewa wannan madara ta dace da jariri. Matalauciyar uwa kuwa, don gwangwani ya daɗe, sai ta tsinka madarar da ruwa mai yawa, ruwan ma ba lalle mai tsabta ba. Sakamako shi ne gudawa da rama da mutuwa.

Abin mamaki, irin wannan madara ce ita kanta ta yi amfani da ita a Ankara wajen ceto yara masu kwashiyoko. Amma ta san bambancin magani da ake ba yaron da ya riga ya rasa nono a ƙarƙashin kulawar asibiti, da kayan sayarwa da ake raba jariri da nonon uwarsa saboda shi. A 1939 aka gayyace ta ta yi jawabi a wani kulob na manyan 'yan kasuwa da ma'aikata a Singafo. Ta sa wa jawabin suna Madara da Kisan Kai, ta kuma gaya musu a gaban idonsu cewa tallar ƙarya kan abincin jarirai laifi ce babba, kuma mutuwar da take jawowa daidai take da kisa. Sai bayan shekara 42, a 1981, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin tallar madarar jarirai. Sisili tana da rai ta ga wannan rana.

A HANNUN JAPANAWA

A ƙarshen 1941 Japanawa suka auka wa Malaya. Lokacin tana aiki a jihar Tarangganu, ta keta daji da koguna har ta iso Singafo, ta ci gaba da kula da yara ana ruwan bama-bamai. A Fabrairun 1942 birnin ya faɗi, aka tsare ta tare da sauran Turawa farar hula a kurkukun Changi. A can ma likita ce, har ta taɓa zama shugabar ɓangaren mata. A Oktoban 1943 'yan sandan asirin Japan suka kama ta bisa zargin leƙen asiri, suka tsare ta kusan wata biyar a wani ɗan keji tare da wasu fursunoni, cikin yunwa da ƙazanta. Ta fito ta zube ƙwarai, ta kamu da beriberi, ciwon da rashin bitamin B1 ke kawowa, wanda ya bar mata mutuwar jijiya a ƙafafu har ƙarshen ranta. Likitar da ta yi shekaru tana binciken yunwa a jikin wasu, ga shi ta ɗanɗana ta a nata jikin.

Ko a wannan hali ba ta bar lissafi ba. An haifi jarirai 20 a sansanin, ta tsaya ta ga an shayar da dukansu nonon uwa, kuma duka 20 ɗin sun rayu. Wannan shi ne abin da ta fi alfahari da shi daga shekarun tsarewa. An sake su a 1945 da yaƙi ya ƙare.

SAURAN AIKINTA

A 1948 aka kafa Hukumar Lafiya ta Duniya, aka naɗa Sisili shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a birnin Jeniba. Abin da ta dage a kai shi ne kada a raba rigakafi da magani, kada kuma a raba uwa da ɗa: wurin da ake warkar da yaro, nan ya kamata a auna shi, a yi masa allura, a koya wa uwarsa abin da za ta ba shi.

Daga 1951 zuwa 1953 ta koma Jamaika ta jagoranci binciken wata cutar amai da ke kashe yara farat ɗaya. Binciken ya kai ga ɗan itacen nan da mutanen can ke kira aki, wanda asalinsa daga Afirka ta Yamma aka kai shi, wasu Hausawa kuwa suna kiransa gwanja-kusa. In an ci shi bai nuna ya buɗe da kansa ba, yana da dafin da ke sa sukarin jini ya faɗi ƙasa warwas. Bayan haka ta koyar a Landan, da Jami'ar Amurka da ke Bairut, inda ta yi aiki da Falasɗinawa 'yan gudun hijira, da kuma Jami'ar Tulane a Amurka. A 1972 ita da wani likita mai suna Jelliffe suka fitar da littafi kan yadda za a kai aikin lafiya ga uwa da yaro. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma a 1968, ƙasar Jamaika ma ta ba ta tata, a 1986 kuma Jami'ar Ghana ta ba ta digirin girmamawa, shekara 50 bayan an ɗauke ta daga ƙasar. Ba ta taɓa yin aure ba. Ta rasu a Oksfod ran 13 ga Yuli 1992, tana da shekara 98.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ke ɗaliba mai burin zama likita, kada wani ya ruɗe ki cewa hanyar gajera ce. Sisili ta fara karatun likita tana da shekara 23, ba ta karɓi babban digirinta ba sai da ta haura 40, kuma tsakanin nan ta koma aji fiye da sau ɗaya. Ki riƙe darussan kimiyya da lissafi da Turanci tun yanzu. Sa'an nan ki koyi al'adar rubuta abin da kika gani daidai yadda kika gan shi, da kwanan wata da adadi, domin da wannan al'ada ce ta kare kanta gaban wanda ya fi ta suna. In Allah ya kai ki asibiti, kada ki ce sai an ba ki babban ɗakin gwaji kafin ki yi bincike. Marasa lafiyar da ke gabanki su ne littafinki na farko. Kada kuma ki ɗauka cewa dole sai kin bar aure kamar yadda ita ta yi. Wannan tata rayuwar ce, kuma akwai mata likitoci masu bincike da yawa da suke da gidajensu da 'ya'yansu. Abin da ake bukata shi ne tsari, da miji da dangi masu fahimtar nauyin aikin.

Ku kuma iyaye, in 'yarku ta nuna ƙwazo, kada tsawon shekarun karatu ya sa ku cire ta. Mu da kanmu mun san yadda mace kan ɓoye ciwonta don ba ta son namiji ya duba ta. Likitoci mata ba za su faɗo daga sama ba, daga ɗakunanmu za su fito.

Uwargida mai goyo, naki rabon ya fi na kowa kusa. Shawarar likitoci ita ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, sa'an nan a fara ƙara masa abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. In kin zo yaye, kada ki bar yaro da koko tsura. Ki haɗa masa da ƙuli-ƙuli ko tunkuza, ko garin waken soya, ko madara, ki ba shi wake da ƙwai da kifi da ganye gwargwadon hali, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. In kin ga ƙafarsa ta kumbura, kin danna da yatsa wurin ya lotsa, ko gashinsa ya fara ja yana zubewa, ko ya daina wasa ya daina cin abinci, kada ki ce ƙiba ce, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Ki kai shi asibiti a ranar, domin wanda aka kai da wuri shi ke warkewa. In kuma likita ya tambaye ki abin da yaro ke ci da yaushe aka yaye shi, ki faɗa masa gaskiya ba tare da kunya ba. Da irin wannan amsa ta iyaye mata aka gano cutar tun farko.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.